Kada a Jinginar da Gonar Baba Saboda Kakin Shige da Fice

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 26, daga wani ƙauye kusa da Maigatari a jihar Jigawa. Ina da takardar NCE, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, albashin ko tsakiyar wata ba ya kaiwa. Tun ina yaro nake sha'awar aikin Shige da Fice, don a gabanmu jami'ansu suke kai da kawowa. Sau biyu ina cikewa, sunana bai fito ba. To yanzu kawuna ya haɗa ni da wani mutum da ya ce yana da gurbi daga hannun wani babba a Abuja, naira miliyan ɗaya da rabi, a ba da rabi yanzu, sauran in takarda ta fito. Mahaifina ya yarda zai jinginar da gonarsa. Mahaifiyata kuwa ba ta son aikin ɗungurungum, ta ce ko dai 'yan bindiga su kashe ni ko in ciyar da ita haram. Shi kuma kawu, da yake yana tsallaka kaya zuwa Nijar, cewa yake gara mu ma mu samu namu a boda. Kaina ya kulle, ina neman shawara.

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya yaye maka wannan damuwa, ya zaɓa maka abin da ya fi alheri.

Kada ka ba mutumin nan ko sisi, kuma kada ka bari Baba ya taɓa gonarsa. Aikin da kake so aiki ne mai daraja, ban ce ka fasa nemansa ba. Amma ta ƙofar da ake nuna maka ɗin nan, ko an cuce ka ko an samo maka, duka biyun asara ce, kuma ni ta biyun ta fi ba ni tsoro.

Ɗaukar aikin Shige da Fice ba ya hannun wani babba guda da zai raba gurabe a aljihu yana sayarwa a ƙauyuka. Akwai hukumar da doka ta ɗora wa wannan nauyi a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, wadda ake kira CDCFIB a taƙaice. Ita ke ɗaukar ma'aikata da ƙarin girma a hukumomi huɗu: Sibil Difens, gidajen gyaran hali, 'yan kwana-kwana, da Shige da Fice. Ita ke fitar da sanarwa, a cike a shafinta na intanet, a yi jarrabawa a kwamfuta, a tantance takardu da lafiyar jiki, sannan a fitar da sunaye. Duk lokacin da ta buɗe shafin sai ta nanata cewa cikewa kyauta ce, kuma duk wanda ya nemi kuɗi a hannunka ɗan damfara ne. Wannan nanatawa tana da tarihi mai ciwo. Ranar 15 ga Maris, 2014, an tara dubban ɗaruruwan matasa a filayen wasa na Abuja, Fatakwal, Minna, Benin da wasu garuruwa don jarrabawar wannan aiki, bayan an karɓi naira 1,000 daga kowannensu, alhali guraben 'yan dubbai ne kawai. Aka yi turmutsutsu, mutane fiye da goma suka rasu. Abba Moro ne ministan harkokin cikin gida a lokacin, kuma maganar ta kai shi gaban kotu daga baya. Ka ga neman kakin nan ya riga ya ci rayukan 'ya'yan talakawa, kuma masu cin kasuwa da ƙishirwar matasa ba yau suka fara ba.

Dillalan gurbi iri-iri ne. Akwai wanda zai karɓi rabin kuɗin ya kashe waya. Akwai wanda zai kawo maka takardar kama aiki mai tambari da sa hannu, ka yi sallama da dangi, ka ɗauki jaka ka tafi makarantar horo, a bakin ƙofa a duba a ga babu sunanka, wataƙila ma a tsare ka da laifin takardar jabu. Wanda ya fi su wayo shi ne mai karɓar kuɗin mutum ashirin ya zauna bai yi komai ba. In sunaye suka fito, biyu ko uku da Allah ya ba su da ƙoƙarinsu sai ya ce aikinsa ne, ya karɓi cikon kuɗi, sauran kuma ya riƙa mayar musu da nasu kaɗan-kaɗan har su gaji su bar shi da Allah. Irin wannan ne ake ba da shaidarsa a gari, a ce ai wane ya taɓa samo wa ɗan gidan wane. Tsarin "rabi yanzu, rabi daga baya" da ya kwantar wa Baba da hankali, shi ne ainihin tarkon, domin rabin farko ya ishe shi riba.

Ba zan yaudare ka in ce ba a samun aiki da hanya a ƙasar nan ba. Kowa ya san ana yi, kuma shi ya sa maganar dillalin take shiga kunne. To mu ɗauka gaskiya yake faɗa, ya karɓi kuɗi, sunanka ya fito, ka sa kaki. Zauna ka yi lissafi. Mai NCE ana ɗaukarsa ne a matakin mataimakin sufeto, mataki na 6 a tsarin albashin hukumomin kaki da ake kira CONPASS. Albashi ne da zai fi abin da makarantar kuɗi take ba ka, yana zuwa a kan kari, akwai fansho a ƙarshe, amma na rufin asiri ne. Daga ciki za ka ci, ka yi haya a garin da ba naku ba, ka yi kuɗin mota zuwa gida, ka aika wa iyaye, ka fara tanadin aure. A ina miliyan ɗaya da rabi za ta fito a fanshi gona? Damina za ta zo, Baba yana kallon wani yana shuka a gonarsa, kowane kiran waya daga gida tuni ne. A wannan halin ne za a ajiye ka a shinge, inda kuɗi ke wucewa hannu da hannu kullum. Wa za ka tatsa? Ba manyan masu fasa-ƙwauri ba, su sun fi ƙarfinka. Ɗan ci-rani ne da ya taho daga Damagaram ko Magarya da buhunsa a ka, da tsohuwar da za ta je suna gidan 'yarta a tsallake, da yaron da ya yi wata shida yana ga-ruwa a Kano zai koma gida da ɗan abin da ya tara. Su ne za su biya kuɗin gonar Baba, ɗari biyar-ɗari biyar. Mutanen da ka sani ne, harshenku ɗaya, wataƙila kakanninku ɗaya.

Wannan shi ne abin da Inna ta hango, kuma ba ta yi kuskure ba. Mafi yawan jami'an da suka lalace ba da niyyar lalacewa suka shiga ba. Bashi ne ya fara tura hannunsu, kafin bashin ya ƙare hannun ya saba. Kuma ka san Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓarta. Za ka ji wasu suna cewa malamai sun yi sassauci ga wanda aka danne wa haƙƙinsa ya rasa yadda zai karɓo sai da biya. Ka kai wannan ga malamin da ka amince da tsoron Allahnsa, amma ka faɗa masa gaskiyar yadda abin yake: gurbin nan ba naka ba ne da aka ƙwace, na duk wanda ya cancanta ne, kuma in ka saye shi akwai wani matashi irinka, wanda ubansa ba shi da gonar jinginarwa, da aka goge sunansa.

Yanzu ga aikin kansa, don na lura da kai da kawu duk kallon kitse kuke yi wa rogo. Kai kana ganin kaki da girma, shi yana ganin ƙofa. Shige da Fice da Kwastam ba abu ɗaya ba ne, ko da yake a shinge ɗaya ake ganinsu. Kwastam tana ƙarƙashin Ma'aikatar Kuɗi, aikinta kaya da haraji, kuma ɗaukar aikinta daban. Shige da Fice aikinta mutane: wa ya shigo, wa ya fita, da wace takarda, zai zauna har yaushe. Ita ke ba da fasfo, ita ke ba baƙi izinin zama, ita ke sintiri a kan iyaka. Daga cikin rundunar 'yan sanda aka cire ta a 1958, ta tsaya da ƙafarta a 1963, kuma dokar da take aiki da ita yanzu ta 2015 ce. Saboda haka ko a ce ka yarda ka zama abin da kawu yake so, buhunan da yake tsallakawa ba a hannunka hukuncinsu yake ba. Abin da zai samu daga gare ka shi ne sunanka, ya riƙa cewa yaronmu yana ciki, har ranar da sunan zai shiga takardar tuhuma.

Kuma wa ya ce Maigatari za a kai ka? Aikin tarayya ne, ranar da ka sa hannu ka yarda a tura ka ko'ina. Horon farko ma yana iya zama a makarantar hukumar da ke Kano, yana iya zama Orlu a jihar Imo ko Ahoada a jihar Ribas. Ta Sakkwato kwalejin manyan jami'ai ce. Watanni ne na fareti da gudun asuba da aski ƙwal da bin umarnin wanda ka girma. Bayan nan kana iya samun kanka a ofishin fasfo, ko filin jirgin sama, ko ofishin wata ƙaramar hukuma, ko Seme da Idiroko a iyakar Jamhuriyar Benin, ko Mfum a iyakar Kamaru, ko Gamborun Ngala da Banki a Borno, ko Illela, Kamba, Jibiya da Kwangwalam. Ƙaramin jami'i ba ya zaɓe.

Tsoron Inna na biyu ma gaskiya ne, kada ka ce mata babu haɗari. Iyakar Najeriya ta ƙasa ta kai wajen kilomita 4,000, tsakaninmu da Nijar kaɗai kimanin 1,500. An daɗe ana ambaton ƙofofi 84 na hukuma da ɓarayin hanyoyi sama da 1,400. Wanda aka tura sintiri yakan zauna a rumfa a daji shi da 'yan uwansa ƙalilan, ruwa sai an sayo, waya sai an hau tudu, ga zafin bazara ga hunturu, iyali suna nesa. A yankin Jibiya da gabashin Sakkwato 'yan bindiga sun sha kai wa jami'an tsaro hari, a Borno kuwa ba sai an faɗa ba. Mai neman wannan aiki ya kamata ya san yana iya ba da ransa a kai. Idan kaki kawai kake so a gan ka da shi ranar sallah, bai kai wannan farashin ba.

Amma akwai abin da ya kai. Hanyar da ta bi ta Daura da Kwangwalam zuwa Damagaram ita ce ke miƙewa Agadas, daga can sai hamada da Libiya. Ta irin waɗannan hanyoyi ake fitar da 'yan mata da sunan za a samo musu aikatau, da yara da ba su san inda za a kai su ba. Jami'in da ya tsaya ya kalli fuskar yarinya a cikin mota, ya lura labarin da mai rakiyarta yake bayarwa bai haɗu ba, ya sauke su ya miƙa ga hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, ya ceci rai, ko da ba wanda zai san sunansa. Wanda ya saba karɓar na goro ba ya kallon fuska, hannun direba yake kallo. A nan ne ɗan kan iyaka irinka yake da abin da ba a koyarwa a makarantar horo. Kana jin bambancin Hausar Damagaram da ta Gumel, ka san ranakun kasuwanni, ka san wanda zai je gona a tsallake da wanda baƙo ne a yankin. Hukumar tana bukatar irinku, shi ya sa nake baƙin cikin a ce ka shiga da igiya a wuya.

Sai dai wannan kusancin yana da nauyinsa, kuma gara ka auna shi tun yanzu. Iyakar nan Turawa suka shata ta a tsakiyar dangi. Katsina da Maraɗi, Daura da Damagaram, Illela da Birnin Ƙonni, aure ɗaya ne, kasuwa ɗaya, makabarta ma wani wurin ɗaya. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasar juna ba biza har kwana 90, amma da takardar tafiya, abin da yawancin mutanen ƙauye ba su taɓa riƙewa ba. Sannan siyasa tana juyawa a kan jami'i ba tare da an tambaye shi ba. Ka ga yadda aka rufe iyakoki a Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, har aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga boda, ku da kuke Maigatari kun fi ni sanin yadda aka sha. Aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe ɓangarenta. A Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS. Duk umarnin da aka yanke a Abuja, fuskar ƙaramin jami'in da ke shinge ce talaka yake gani, shi ake zagi, shi ake roƙo. Wata rana mai roƙon zai zama abokin Baba ne, ko kawu da kansa. Ka tambayi zuciyarka ko za ka iya gaishe shi da ladabi, ka ba shi ruwa, sannan ka ce masa a'a. In ka ga ba za ka iya ba, to ka roƙi Allah ya sa a tura ka nesa da gida, ko ka nemi wani aikin.

Game da sau biyun da ka cika ba ka samu ba, kada ka ɗauka hujja ce cewa sai da kuɗi. Masu nema sun ninka guraben sau da yawa, kuma ana raba su ne tsakanin jihohi bisa tsarin daidaiton tarayya, don haka da 'yan Jigawa kake takara. Mutane da dama kuma tun a matakin cikewa kwamfuta take zubar da su ba su sani ba. Ɗauko takardunka yau ka jera su: lambar NIN, takardar haihuwa, shaidar ƙaramar hukuma, sakamakon sakandare, NCE. Suna ɗaya ne a kansu, harafi da harafi? Muhammad a nan, Mohammed a can, Mamman a wata, ya isa ya jawo matsala. Ranar haihuwa ɗaya ce? In akwai saɓani ka gyara ta hanyar hukuma tun kafin a buɗe shafi, kuma kada ka yarda wani ya rage maka shekaru, domin ƙaryar da aka shiga aiki da ita tana bin mutum har ranar ritaya. Ka karanta iyakar shekarun da ke cikin kowace sanarwa da idonka, tana sauyawa. Ana neman tsawon mita 1.65 ga namiji, 1.60 ga mace, da lafiyar jiki da takardar asibitin gwamnati. Hukuma ɗaya ake zaɓa cikin huɗun, wanda ya cika fiye da sau ɗaya ana soke shi. In za ka cike a shagon intanet, ka zauna a gefen mai shagon har ya gama, da lambar wayarka da imel ɗinka, ba nasa ba. Mutane da yawa an gayyace su jarrabawa saƙon ya tafi wayar wani. Ka riƙa taɓa kwamfuta kana amsa tambayoyin Turanci da lissafi da al'amuran yau da kullum cikin ƙayyadadden lokaci, ka fara gudu da asuba.

Kada ka ajiye alli kafin ka ga sunanka a shafin hukuma. In da hali ma, ɗan abin da za a iya tarawa a gida ba tare da taɓa gona ba, a sa shi a karatunka. Mai NCE yana iya ɗorawa ya yi digiri yana aikinsa, ko a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa ko a shirin ƙarshen mako na wata jami'a. Mai digiri a rukunin sufuritanda ake ɗaukarsa, mataki na 8, kuma tazarar da ke tsakaninsa da mai mataki na 6 shekaru ce ta aiki. In kakin bai zo ba, digirin yana nan a hannunka, ba dillalin da zai gudu da shi. Ka kuma sa ido a kan sanarwar Kwastam da NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, su ma suna aiki a kan iyaka kuma kowacce da nata lokacin ɗauka.

Saura yadda za ka yi da gida, kuma a nan sai ka yi hattara da harshe. Baba ya ɗauki abin da ya fi komai daraja a wurinsa ya ce a ba da saboda kai. Kada ka sa ya ji kamar an ce masa bai da wayo. Ka same shi shi kaɗai bayan sallar isha, ka yi masa godiya sosai, ka ce ka bincika ka gano hukuma ta ce duk wanda aka kama ya biya kuɗi ko ya zo da takardar da ba ta fito daga gare ta ba zai rasa aikin, kuma ba za ka iya kwana da tunanin gonarsa tana hannun wani ba. In akwai wani dattijo da yake jin maganarsa, limami ko tsohon ma'aikacin gwamnati, ka roƙe shi ya tayar da zancen. Kawu kuma ba sai ka yi masa wa'azi a kan sana'arsa ba, ba huruminka ba ne, kuma zai jawo rigima tsakaninsa da 'yar uwarsa. Ka ce masa ka gode da ƙoƙarinsa, ka fasa bin ta wannan hanyar. In dillalin ya matsa da cewa yau ne rana ta ƙarshe, wani zai ɗauka, ka ce Allah ya ba mai rabo. Ka ajiye saƙonninsa da lambar asusun da ya turo, domin in ka ji ya karɓi kuɗin wani a garinku, za su yi amfani a gaban 'yan sanda ko hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci.

Inna ce za ka fi ba lokaci. Kada ka yi gardama da tsoronta, ka zauna ka saurare shi har ƙarshe. Sannan ka gaya mata ka ƙi biyan kuɗin, kuma maganarta ce ta sa. Ka yi mata alkawarin cewa in Allah ya ba ka aikin ta hanyarsa, abin da zai shiga tukunyarta albashinka ne kaɗai, ka roƙe ta ta yi istihara tare da kai kafin a sake buɗe shafi. Idan bayan duk wannan ta ce har yanzu zuciyarta ba ta kwanta ba, ka dakata da cikewa a wannan zagayen, ka ci gaba da karatu da lallashi, ka sake rubuto mini mu duba tare.